Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jagorar Sadarwa ga Masu Zanga-zangar Lumana Idan An Toshe Intanet

Da safiyar Asabar, 5 ga watan Yunin 2021, ina zaune a tsakar gidanmu da ke Kubwa a Abuja na buɗe Twitter (wadda yanzu ake kira X) kamar yadda na saba, sai na ga 'yar da'irar nan tana ta juyawa ba tare da wani saƙo ya fito ba. WhatsApp yana aiki, Facebook ma haka, wannan kafa ɗaya ce kawai ta ƙi buɗewa. A jajibirin ranar ne Ministan Yaɗa Labarai na wancan lokaci, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da ita, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, amma da yawa daga cikinmu mun ɗauka barazana ce kawai. Dakatarwar ta kai kwana 222, ba a ɗage ta ba sai ranar 13 ga Janairun 2022. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muka wayi gari babu shiri ko kaɗan, alhali watanni takwas kacal kafin nan wannan kafa ce ta ɗauki nauyin zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda.

Na rubuta wannan jagora ne domin masu shirya zanga-zangar lumana, da 'yan jarida, da duk wanda ɗansa ko ƙaninsa zai fita titi yana kuma son sanin halin da yake ciki. Ra'ayina, bayan shekaru ina bibiyar wannan al'amari, shi ne duk wani tanadi mai amfani kafin ranar ake yin sa, kuma mafi ƙarfinsa a hannun mutane yake, waya tana biye ne.

Mataki na farko: ka gane irin toshewar da kake fuskanta

Kalmar "an ɗauke sabis" tana ɗauke da abubuwa daban-daban, kuma kowanne da maganinsa. Akwai toshe kafa guda, kamar yadda aka yi wa Twitter, inda ake umartar kamfanonin sadarwa su hana wayarka gano adireshin wannan kafa, ko su tare duk wani saƙo da ya nufe ta, yayin da sauran intanet ke tafiya lafiya. Akwai rage gudu da gangan, wanda ya fi kowanne wuyar kamawa, domin rubutu yana wucewa amma bidiyo ba ya hawa, sai kowa ya ɗora laifin a kan rashin kyawun layi. Sai kuma katsewa baki ɗaya, irin wadda aka yi a Masar a daren 27 ga Janairun 2011, lokacin da gwamnatin Hosni Mubarak ta sa manyan kamfanoni suka cire ƙasar daga intanet har zuwa 2 ga Fabrairu. Mu ma a Arewa ba baƙi ba ne ga wannan, domin an kashe layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa a 2013 bayan kafa dokar ta-ɓaci, aka kuma maimaita a Zamfara a watan Satumban 2021, daga baya ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Dalilin da aka bayar a lokutan nan tsaro ne, sai dai kayan aikin iri ɗaya ne, kuma wanda ya ga mutanen Gusau suna shiga mota zuwa Funtuwa domin kawai su kira 'yan'uwansu ko su cire kuɗi ya san nauyin abin.

Kafin ka yanke hukunci, ka gwada. Ka buɗe kafar a kan layi na biyu na wani kamfanin, ka gwada ta a kan intanet na gida ko na ofis, sannan ka tambayi wani da ke wata unguwa, misali idan kana Wuse ka kira na Nyanya ko Gwagwalada. Idan kafa ɗaya ce ta ƙi a kan duk layukan waya amma sauran suna aiki, to toshewa ce. Idan kuwa kana cikin taro mai dubban mutane, ka tuna cewa hasumiyar sabis ɗaya tana da iyakar wayoyin da za ta iya ɗauka, cunkoso kaɗai yana iya durƙusar da ita. Ranar 14 ga Maris ɗin 2024 intanet ya tsaya a Najeriya da maƙwabtanta, har bankuna suka kasa aiki, amma dalilin shi ne tsinkewar manyan wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma. Haka kuma a ranar 1 ga Agustan 2024, da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, jama'a da dama sun koka da jinkirin intanet, Ministan Sadarwa Bosun Tijani kuma ya ce babu umarnin taɓa layi. Irin wannan jayayya ba ta warwaruwa sai da awo, shi ya sa nake ba da shawarar a ajiye manhajar OONI Probe a waya, wadda ke gwada ko an toshe wani shafi ta kuma adana sakamakon a rumbun da kowa zai iya dubawa. Ka sani dai kamfanin layinka yana iya ganin cewa kana wannan gwaji.

Mataki na biyu: ka shirya wayar tun ana zaman lafiya

A ranar da aka rufe Twitter na ga wani matashi a shagon gyaran waya a Wuse yana miƙa wayarsa a buɗe, ya ce a sa masa "abin nan da ake shiga Twitter da shi". Mai shagon ya sauke masa wata manhajar VPN ta kyauta wadda shi kansa bai san mai ita ba, ya karɓi kuɗinsa, yaron ya tafi yana murna. Wannan shi ne kuskuren da gaggawa ke jawowa. Aikin VPN shi ne ta rufe zirga-zirgarka a cikin wani bututu ta fitar da ita ta wata ƙasa, ta yadda kamfanin layinka ba zai ga inda ka nufa ba. Amma mai VPN ɗin shi yana gani, saboda haka ka ɗauke amanarka ne daga hannu ɗaya ka miƙa wa wani hannun, kuma wajibi ne ka san wane ne shi.

Ka sauke aƙalla manhajoji biyu da aka san masu su, daga rumbun manhajoji na asali. Psiphon, wadda ta samo asali daga Jami'ar Toronto a Kanada, an ƙera ta ne musamman domin tsallake toshewa. Proton VPN tana da tsarin kyauta. Tor Browser ta fi su ɓoye mai amfani da ita, ko da yake ta fi su jinkiri. Dalilin ajiye biyu ko uku shi ne ana iya toshe ɗaya, ana kuma iya toshe rumbun manhajojin kansa. Ka buɗe kowace ka gwada ta yau, ka koyi kunna ta da kashe ta, ka kuma lura cewa wasu manhajojin banki suna ƙin aiki idan suka ga kamar kana wata ƙasa. Idan kana amfani da Android, ka adana fayil ɗin manhajar a cikin wayar, domin ka iya tura wa wani ta Bluetooth ko Xender a ranar da ba a iya saukewa.

Sai batun kulle waya. Ka sa lambar sirri mai tsawo, aƙalla lambobi shida, ka kashe buɗewa da zanen yatsa ko fuska kafin ka fita, domin ana iya danna yatsan mutum a kan waya ba da son ransa ba. Ka ɓoye bayyanar saƙonni a fuskar waya lokacin da take kulle. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook da imel ɗinka. Wannan ba tsoro ne marar tushe ba, domin a lokacin boren Tunisiya, a ƙarshen 2010 da farkon 2011, an yi ta satar kalmomin sirrin masu amfani da Facebook a ƙasar ana shiga shafukansu. Ka kwashe hotunan iyali da takardun aiki ka ajiye a gida, ka cika caji, ka ɗauki fawa-banki da tsabar kuɗi, saboda idan layi ya mutu na'urar POS ma ta mutu.

Mataki na uku: ka san abin da waya ba za ta iya ɓoye maka ba

Tun daga Disamban 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, ma'ana layinka yana ɗauke da sunanka da hotonka. Muddin wayarka tana kunne da layi a ciki, tana magana da hasumiyar sabis mafi kusa, kamfani kuma yana da bayanin inda take, ko da VPN ko babu. Kiran waya na yau da kullum da saƙon tes ba a rufe suke ba, akwai kuma ƙa'idojin da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fitar a 2019 da suka tsara yadda hukumomin tsaro za su iya sauraron sadarwa. Signal da WhatsApp suna rufe saƙo daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, Signal kuma ta fi taƙaita bayanan da take ajiyewa game da kai. Mutane da yawa suna ɗaukar Telegram a matsayin mafi tsaro, alhali zaurukanta ba su da irin wannan rufi.

Duk da haka, rauni mafi girma ba a manhaja yake ba. Zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyar kasuwa ce, duk abin da ka faɗa a cikinsa ka ɗauka ka faɗe shi ne a bainar jama'a, domin mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hoton allo ya tura inda ba ka zata ba. Ka kunna saƙonni masu ɓacewa da kansu, ka taƙaita maganar tsare-tsare ga mutanen da ka sani ido da ido, kuma kada ka rubuta abin da ba za ka iya maimaita shi a gaban alƙali ba. Wanda ke kan gaskiya da lumana ba ya rasa komai da wannan ƙa'ida.

Mataki na huɗu: ku tsara yadda za ku yi magana idan babu intanet ko kaɗan

A nan ne nake son mai karatu ya dakata sosai, domin idan an katse layi baki ɗaya babu VPN da za ta yi aiki. Darasi mafi girma a wurina daga Sudan ya fito. Bayan kisan da aka yi wa masu zaman dirshan a Khartoum ranar 3 ga Yunin 2019, sojoji sun kashe intanet na wayar hannu sama da wata guda. A cikin wannan duhu ne, ranar 30 ga Yuni, jama'a masu ɗimbin yawa suka cika titunan ƙasar. Kwamitocin unguwanni ne suka yi aikin, gida-gida, da takardu da rubutun bango da saƙon baki. A Masar ma katse intanet bai hana cikar dandalin Tahrir ba, ana ma ganin ya ƙara fito da waɗanda suka rasa hanyar jin labarin 'ya'yansu. Abin da ya ceci waɗannan mutane shi ne sun san juna kafin a rufe layi.

Saboda haka, tun kafin ranar, ku kasa kanku ƙananan rukunoni na mutum biyar zuwa goma, waɗanda suka fito daga unguwa ɗaya kuma suka san gidajen juna. Ku amince da wurin haɗuwa da lokacinsa, da wuri na biyu idan an tare na farko, da kuma lokacin da kowa zai koma gida ko da me ake ciki. A Abuja wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin mafi yawanmu daga wajen gari muke shigowa, kuma idan aka datse hanyar Nyanya zuwa AYA, ko ta Kubwa, ko ta filin jirgin sama, mutum yana iya maƙalewa nesa da gida. Wuraren taron ma suna canzawa: dandalin Unity Fountain, inda masu fafutukar ceto 'yan matan Chibok suka riƙa zama tun 2014, an sha hana taro a cikinsa, a zanga-zangar Agustan 2024 kuma kotu ta taƙaita masu zanga-zanga a filin wasa na Moshood Abiola.

Kowane rukuni ya ajiye mutum ɗaya a gida, wanda ba zai fita ba, yana riƙe da sunayen waɗanda suka tafi da lambobin iyalansu. A yi masa alƙawarin lokaci, misali idan an yi la'asar bai ji daga gare ku ba, ya fara kiran lauya da dangi. Ka rubuta lambar wannan mutum da ta lauya a takarda ko a hannunka, domin da yawanmu ba mu haddace lambar kowa ba. Ƙaramar rediyo mai batir ma tana da amfani, ta nan za ka ji sanarwar dokar hana fita.

Akwai manhajoji da ke aika saƙo ta Bluetooth ba tare da intanet ba. Briar tana aiki a Android tsakanin mutanen da suka riga suka haɗa wayoyinsu, Bridgefy kuma ta yi suna a zanga-zangar Hong Kong ta 2019, sai dai masu bincike sun gano raunin tsaro a cikinta a 2020. Nisan da suke kaiwa kaɗan ne, saboda haka ku ɗauke su a matsayin ƙari kawai.

Mataki na biyar: ka ɗauki shaida yadda za ta tsaya a gaban masu musu

Daren 20 ga Oktoban 2020, lokacin da sojoji suka isa mashigar Lekki da ke Legas inda masu zanga-zangar EndSARS suka taru, wata mai kaɗa faifai da ake kira DJ Switch ta watsa abin da ke faruwa kai tsaye a Instagram. An yi ta musanta abin da ya auku, amma faifan bidiyon da jama'a suka ɗauka, da lokutan da ke rubuce a cikinsu, su ne suka bai wa 'yan jarida da kwamitin bincike na Mai Shari'a Doris Okuwobi damar jera abubuwan dalla-dalla. Gani ya kori ji, amma fa sai in an san inda aka gani da lokacin da aka gani.

Idan za ka ɗauki bidiyo, ka fara tabbatar da cewa kana wurin da ba za ka cutu ba. Ka riƙe wayar a kwance, ka furta ranar da lokaci da sunan wurin da bakinka, ka nuna wata alama da ba ta gushewa, kamar allon titi ko gada ko wani sanannen gini. Kada ka yanke, kada ka sa waƙa ko rubutu a kan asalin faifan. Idan za ka tura wa lauya ko ɗan jarida ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar da aka saba tana matse shi tana kuma goge bayanan da ke cikinsa. Kwafin da za ka sa a kafofin sada zumunta kuwa, ka rufe fuskokin mutane tukuna, Signal tana da abin dusashe fuska a hoto. Hoton da ka ɗauka domin kare jama'a yana iya zama abin da za a bi a kama maƙwabcinka. Kada kuma ka dogara da kafar ta ajiye maka, domin a lokacin EndSARS Instagram ta yi kuskuren yi wa wasu saƙonni tambarin ƙarya har ta nemi afuwa daga baya. Ka ajiye kwafi a wuri biyu da ke hannunka.

Mataki na shida: ka tsaya kafin ka tura

Idan an toshe hanyoyin labari, jita-jita ce ke cike gurbin, kuma a ƙasa irin tamu tana kashe mutane. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook, wasunsu ma ba a Najeriya aka ɗauke su ba, 'yan sandan jihar kuma suka ce sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya. Duk hoton da ya zo maka yana tafasa jini, ka tambayi wanda ya turo ko shi ya ɗauka da hannunsa. Ka sa shi a Google Lens ka ga ko tsoho ne, ka duba lambar mota da kakin jami'ai da harshen da ake yi, ka kuma leƙa shafukan masu tantance labari irin su Dubawa da Africa Check. Saƙon murya da ba a san mai shi ba, wanda ke cewa "ku tura wa kowa", ya mutu a wayarka. Faifan ƙarya guda ɗaya ya isa a yi amfani da shi a ƙaryata na gaskiya ɗari, shi ne kuma hujjar da masu son rufe intanet suka fi kafawa.

Mataki na bakwai: ka san matsayinka a doka, ka kuma bi kadin abin da aka yi

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin ra'ayi da karɓar bayani, sashe na 40 ya ba ka na taro, ko da yake sashe na 45 ya bai wa gwamnati damar taƙaita su bisa doka saboda tsaro da zaman lafiya. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci, a shari'ar Sufeton 'Yan Sanda da jam'iyyar ANPP, cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin taron lumana, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta ɗora musu ba da kariya idan an sanar da su. Sanarwa a rubuce, da kwafin da aka buga wa hatimi, kariya ce gare ku. A ɗaya ɓangaren, sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, yana hukunta yaɗa saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin tayar da hargitsi, kuma an sha kama 'yan jarida da shi. Idan aka kama ka, kana da ikon yin shiru har sai ka ga lauya. Kada ku bari yara ƙanana su shiga taron. Wanda ya ga yaran nan da aka kama a zanga-zangar Agustan 2024, waɗanda suka yanke jiki suka faɗi a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamban 2024, bayan watanni a tsare, ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Toshewa tana bin kuɗi ma. A Nuwamban 2020 Babban Bankin Najeriya ya samu umarnin kotu na rufe asusu 20 da aka danganta da EndSARS, saboda haka kada gudummawar jama'a ta taru a asusun mutum ɗaya, kuma a rubuta kowace naira da ta shigo da wadda ta fita.

Bayan layi ya dawo, ka zauna ka rubuta ranar da aka katse da sa'ar da aka katse, da layin da kake amfani da shi, da unguwar da kake, da asarar da ka yi, ko ciniki ne ko jinya ko karatu. Ka haɗa da hotunan allo da sakamakon gwajinka, ka miƙa wa ƙungiyoyi irin su Paradigm Initiative ko Access Now, waɗanda ke tattara irin wannan bayani. Kotun ECOWAS, wadda mazauninta ke nan Abuja, ta yanke hukunci a 2020 cewa katse intanet da Togo ta yi lokacin zanga-zangar 2017 ya saɓa wa doka, a watan Yulin 2022 kuma ta ce dakatar da Twitter a Najeriya haramtacce ne, a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP da wasu suka shigar, ta kuma umarci gwamnati kada ta sake.